Sabon Batirin Laftof: Yadda Za Ka Yi Masa Caji Ya Daɗe A Garin Da Wuta Ba Ta Da Tabbas

Duk wanda ya taɓa sayen laftof a Computer Village da ke Ikeja, ko Alaba, ko Emeka Offor Plaza a Onicha, da wuya ya bar shagon ba a yi masa nasiha iri biyu ba. Ta farko, wai idan ka je gida kar ka kunna ta sai ta sha caji na awa takwas, wani ma ya ce maka sai ta kwana a wuta. Ta biyu, wai kar ka riƙa jona ta sai batirin ya mutu murus, don kada ya saba da rabin ciki. Mai shago ya faɗa, abokinka da ya raka ka ya gyaɗa kai, kai ma ka riƙe.

To, duka biyun tsohuwar magana ce, ta wani irin batir da aka daina sa wa laftof tuntuni. Ta farkon ɓata lokaci ne kawai, amma ta biyun tana cutar da batirin da ke hannunka. Kuma a yanzu da kuɗin komai ya tashi, ba ƙaramar asara ba ce a ce batirin da ya kamata ya kai ka shekara uku ko huɗu ya zama gawa cikin shekara ɗaya. Ga ɗalibin da ke rubuta furojet, da mai shagon da ke yi wa yara rajistar JAMB, da ɗan kasuwar da lissafinsa ke cikin kwamfuta, batirin nan shi ne ke tsakaninsu da tsayawar aiki duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Abin da ke tsofar da batirin zamani guda uku ne: zafi, da daɗewa a cike taf ko a fanko, da kuma wuta ko cajar da ba ta da kyau. Dukkansu kuwa muna fama da su a nan Kudu.

Inda maganar awa takwas ta samo asali

A da can, wayoyin hannu da laftof na farko-farko suna amfani da batirin nikel. Irin wannan batir yana da wata ɗabi'a: idan kullum kana mayar da shi caji bai ƙare ba, sai ya riƙa yin kamar ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa ake cewa a bar shi ya ƙare kafin a sake cika shi, kuma cajinsa na farko yakan ɗauki dogon lokaci.

A shekarar 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyam, kuma a hankali ya kori na nikel daga wayoyi da kwamfutoci. Mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, su aka bai wa kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Duk laftof ɗin da za ka samu a kasuwa yau, sabuwa ko tokumbo, litiyam ne a cikinta.

Shi litiyam ba ruwansa da wancan halin na nikel. Ka jona shi yana kashi 70, ka cire a kashi 90, babu abin da zai same shi. Sannan a cikin kowane batirin laftof akwai ɗan ƙaramin allon lantarki da ke sa ido a kan caji. Da zarar ya cika, sai a tsayar da shigar wuta. Saboda haka idan batir ya cika a awa biyu, sauran awa shidan da ka zauna kana jira babu abin da suka ƙara masa.

Ranar farko

Sabon batir ba ya zuwa a cike, kuma wannan ba alamar matsala ba ce. Da gangan kamfanoni ke barin sa da ɗan caji, domin a haka ya fi jure zama a sito. Tun 2016 ma dokar sufurin jiragen sama ta ce batiran litiyam da ake ɗauko wa su kaɗai a matsayin kaya kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100.

Abin da za ka yi a ranar farko kaɗan ne. Ka jona ta da cajarta ta asali, ka bar ta ta kai kashi 100. Kana iya kunna ta ka ci gaba da saite-saitenka tana caji, babu laifi. Bayan ta cika, ka cire ka yi aikinka na yau da kullum har ta sauko wajen kashi 20, ka lura da awa nawa ta ɗauka, sannan ka sake cika ta. Wannan gwajin na amfanin kanka ne. Idan an ce maka tana awa biyar ka ga ta sauko a minti arba'in, ka koma shago tun kwanakin garantin da aka ba ka ba su ƙare ba. A kasuwanninmu wani garantin sati ɗaya ne ko biyu, don haka kar ka ajiye ta a kwali kana jiran ranar da za ka samu sukuni.

Yadda ake ƙidaya shekarun batir

Ana auna rayuwar batir da abin da za mu kira zagaye. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100 na cajinsa, ko a zama ɗaya ko a rarrabe. Idan yau ka ci kashi 50 ka mayar, gobe ka sake cin kashi 50 ka mayar, zagaye ɗaya ka yi, ba biyu ba. Ka ga kenan yawan jonawa da cirewa ba shi ke ƙarar da batir ba, kamar yadda wasu suka ɗauka.

Batiran laftof da yawa an yi su ne su kai zagaye 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsu ya fara raguwa sosai. Kamfanin Apple ya ce na MacBook na zamani suna kai zagaye 1,000 suna riƙe da kusan kashi 80 na ƙarfinsu na asali. Ko da ka kula da shi kamar ƙwai, batir zai tsufa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ke hannunka shi ne ka rage saurin tsufan.

A cikin batirin akwai ƙwayoyi, galibi biyu zuwa shida. Idan ƙwaya ta cika taf, sinadaran da ke cikinta suna cikin matsi, kuma idan ta daɗe a haka, musamman da zafi, wani sashe nasu yana lalacewa ba ya dawowa. Haka kuma idan ta sauka ƙasa ƙwarai aka bar ta, tana iya kaiwa matakin da allon tsaron zai kulle batirin gaba ɗaya, ka jona caja ka ga ko motsi. Inda batir ya fi samun natsuwa shi ne tsakiya. Daga nan aka samo shawarar da ake yawan bayarwa ta a riƙe shi tsakanin kashi 20 da 80.

Kashi 80, a garin da ake ɗauke wuta?

Nan ne mutuminmu zai ce, to malam, ni da ba na sanin lokacin da za a kawo wuta, yaya zan ga wuta in tsaya a 80? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma ta danganta da irin unguwar da kake da irin aikin da kake yi.

Tun bayan da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, har yanzu NEPA muke ce musu, ko na Ikeja ne, ko Eko, ko Ibadan, ko Benin, ko Inugu, ko Fatakwal. An raba layukan wuta rukuni-rukuni. A takarda, Band A awa 20 ne a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Kowa ya san abin da ke takarda daban, abin da ke zuwa soket daban, amma dai ka san matsayin layinku.

Idan kana wurin da wuta ke zama, ko ofis mai janareta ko sola, kuma laftof ɗinka kusan kullum tana jone a tebur, kai ne ya fi kamata ka sa mata iyaka. Yawancin kamfanoni sun tanadi hanyar yin haka. Lenovo na da manhajar Lenovo Vantage, a ciki akwai Conservation Mode. ASUS na da MyASUS, inda za ka zaɓi ta tsaya a 60 ko 80. Dell na da saitin a manhajarsu ta kula da wuta da kuma cikin BIOS, haka ma HP a kwamfutocinsu na ofis. MacBook kuwa tana koyon lokutan da kake caji, ta riƙe a 80 har zuwa lokacin da ta ga za ka buƙaci sauran. Da ka kunna wannan saitin, ka bar ta a jone, kwamfutar za ta riƙa cin wuta daga caja, batirin yana hutawa.

Idan kuwa kana layin da wuta ke leƙowa awa uku ta tafi, to ka cika shi 100, kar ka ji komai. Batirin da aka cika aka fara amfani da shi nan da awa ɗaya ko biyu bai daɗe a cike ba. Abin da ke cutarwa shi ne zaman kwanaki da makonni a 100. Kai abin da za ka kiyaye shi ne ɓangaren ƙasa. Idan ta kai kashi 20 ko 15, ka adana aikinka ka kashe. Kar ka riƙa matse ta har sai ta mutu da kanta a tsakiyar aiki. Sau ɗaya ko biyu ba komai, amma idan ya zama ɗabi'ar kullum, batirin ba zai yi nisa ba.

Akwai kuma dabarun da za su sa cajin ya kai ka nesa. Batirin laftof matsakaiciya yana ɗaukar wat 40 zuwa 60 na awa guda. A ce naka 50 ne, idan kwamfutar na cin wat 10, awa biyar kenan, idan tana cin 25, awa biyu. Hasken allo na daga cikin manyan masu shan wuta, don haka ka rage shi da zarar an ɗauke wuta. Ka kunna yanayin tattalin batir, ka rufe shafukan intanet da ba ka amfani da su. Sannan ga al'adar nan ta jona waya biyu ko uku a jikin laftof cikin dare. Kowace wayar zamani tana iya kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na batirin laftof kafin ta cika. Idan kullum haka ake yi a ɗakinku, gara a haɗa kuɗi a sayi fawa bank, ya fi canjin batirin laftof sauƙi nesa ba kusa ba.

Zafi

Kamfanin Apple ya rubuta cewa MacBook ta fi son yanayi tsakanin digiri 10 da 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran kamfanoni ma kusan haka suke faɗa. Ka tuna yadda cikin shagon kwantena ko ɗaki mai rufin kwano ba silin yake da azahar a watan Fabrairu da Maris a Legas ko Ibadan. Ga zafin gari, ga zafin da kwamfutar ke fitarwa, ga na caji. Idan suka haɗu a kan batirin da ke cike, wannan shi ne mafi munin hali da zai shiga.

Kusan kowace laftof tana shaƙar iska ta ƙasa ta fitar ta gefe ko ta baya. Idan ka ɗora ta a kan katifa, ko filo, ko darduma mai laushi, ka toshe mata hanci. A ɗakin da babu tebur, faranti ko guntun katako ya isa, ko ka sa murfin gora biyu a ƙasan bayanta ta ɗan ɗaga. Kar ka yi mata caji a cikin jaka. Kar ka bar ta a mota a rufe cikin rana, domin cikin mota na iya wuce digiri 50. Idan ka gama aiki za ka sa ta a jaka, ka tabbata ta mutu ko ta yi barci da gaske. Sau da yawa mutum zai rufe murfi ya shiga danfo, ya isa gida ya ciro ta da zafi kamar dutsen guga, saboda ba ta kashe ba.

Ƙura ma tana da nata. Wanda shagonsa ke bakin titi a Agege ko Mile 12, ko kusa da masu nika, fankar cikin kwamfutarsa za ta cika da ƙura cikin 'yan watanni. Idan ka ji fankar na ihu ba dalili, ko ƙasan ya fi da zafi, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share. Sau ɗaya a shekara ba yawa ba ne. Damina kuma a nan doguwa ce, iska cike da laima. Kar ka ajiye laftof a ƙasa ko jikin bangon da ke tsatsafo da ruwa, musamman a unguwannin da ruwa ke shiga ɗaki.

Janareta, dawowar wuta da wurin caji

Ka juya cajarka ka karanta rubutun jikinta. Za ka ga an sa 100 zuwa 240 da harafin V, wato bolt. Wutarmu a Najeriya 230 ce a ƙa'ida. Ma'ana ko wuta ta zo da rauni, irin wadda fanka ke juyawa da ƙyar, caja mai kyau za ta iya aiki. Abin da ba ta iya jurewa shi ne wuta ta yi tsalle sama farat ɗaya.

Lokutan da hakan ke faruwa sanannu ne. Na farko, daidai lokacin da aka dawo da wuta. Maimakon ka ruga ka jona da jin ihun yara, ka dakata minti biyu ko uku, ka ga ƙwan fitila ya tsaya daidai. Idan an ɗauke wuta kuma, ka zare cajar daga bango don kada dawowarta ta same ta a jone. Na biyu, lokacin tayar da janareta da lokacin da mai ke ƙare masa yana shaƙewa. Ƙaramin injin nan da ake kira I pass my neighbour wutarsa na hawa da sauka, balle idan aka jona masa dutsen guga ko firji. Ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka cire kafin a kashe. Na uku, lokacin hadari mai tsawa. Da ka ji an fara, ka zare, batirin ai don irin wannan lokacin aka yi shi.

Soket mai kariya daga tsallen wuta yana da amfani, in dai na gaske ne. Da yawa daga cikin dogayen soket da ake tallarsu a go-slow waya ce kawai da ɗan jan ƙwai. Soket da ya saki, wanda sai ka danne da dutse ko ka ji yana ƙara yana tartsatsi, a canza shi, yana kashe caja kuma yana jawo gobara.

Masu sola da inbata sun fi kowa kwanciyar hankali, amma ƙananan inbata masu araha wutarsu ba ta fita sumul. Idan ka ji cajar na kuka ko tana zafin da ya wuce na kullum a kansu, kar ka bar ta a jone ba kowa. Wanda kuma ke kai laftof wurin masu cajin waya, ya tafi da cajarsa, ya roƙi a ajiye ta inda iska ke shiga, kada a jibge ta ƙarƙashin tarin wayoyi kusa da injin.

Caja: araha ba ta ado

Cajar jabu ta kashe batir da kwamfutoci masu yawa. Idan taka ta ɓace ko ta ƙone, ka duba lamba biyu a jikin tsohuwar ko a ƙasan laftof. Ta farko bolt ɗin da take fitarwa, galibi 19 ko 19.5 ko 20. Wannan dole ya zo daidai. Ta biyu wat, mai harafin W, kamar 45 ko 65 ko 90. Wannan kuma ya zama daidai ko sama da na asali. Caja mai wat 90 ba za ta cutar da kwamfutar da ke son 65 ba, iya abin da take buƙata za ta ja. Amma mai 45 a kan mai son 90 za ta yi ta zafi, caji ya ƙi tafiya, wani lokaci ma batirin na raguwa alhali tana jone.

Shigar baki a rami ba shi ke nuna caja ta dace ba. Wasu kwamfutocin Dell da HP suna da siririyar allura a tsakiyar bakin caja wadda da ita suke gane ta. Idan Dell ba ta gane caja ba, takan kunna amma ta ƙi cajin batir, mutum ya ɗauka batirinsa ne ya mutu. Sababbin da ke caji ta USB-C kuwa, cajar waya ba lallai ta wadatar da su ba, sai mai wat ɗin da ya kai, da wayar da za ta iya ɗauka.

A shago, ka ɗaga cajar ka ji nauyinta. Ta jabu sau da yawa sakayau take. Ka duba rubutun ko ya fita tsaf, ka sa a gwada a gabanka na 'yan mintuna ka taɓa ka ji. Sau tari tsohuwar caja ta asali da ta zo tare da kayan tokumbo ta fi sabuwar jabu a kwali.

Idan za ka tafi gida

Da yawanmu muna tafiya Arewa da Sallah, ko biki, ko aikin gona, a yi wata ɗaya ko uku. Idan za ka bar laftof, kar ka bar ta a cike, kar kuma ka bar ta a mace. Ka kai ta wajen kashi 50, ka kashe ta gaba ɗaya, ba barci ba, ka zare caja, ka ajiye a wuri mai sanyi da bushewa. Batir na zubar da caji a hankali ko a kashe yake, shi ya sa wadda aka ajiye a kashi 3 za a iya dawowa a tarar ta ƙi tashi sam. Idan zaman zai wuce wata shida, ka sa wani amintacce ya kunna ta ya mayar da ita rabi.

Idan da ita za ka tafi, ta zauna a jikinka. Kar ta shiga but ɗin mota ƙarƙashin buhuna, ko saman kaya cikin rana tun daga Legas har Kano. A jirgin sama ma doka ce batirin da ba a cikin na'ura yake ba, har da fawa bank, a jakar hannu ake riƙe shi.

Tokumbo da sabon batirin canji

Gaskiya yawancin abin da muke saye tokumbo ne, an goge an sa a leda. Batirin cikinta ya riga ya yi shekaru a wani ofis a Ingila ko Amurka. Akwai hanyar da za ka san gaskiyarsa kafin ka biya. A Windows, ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Za ta nuna maka inda ta ajiye rahoto, ka buɗe shi. Ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu 30,000, saura kashi 60 kenan, sai ku yi ciniki a kan haka. A MacBook, ka shiga System Information, sashen Power, za ka ga adadin zagayen da ya yi.

Kar ka tsaya a rahoto kaɗai. Ka sa a cire caja, ka kunna bidiyo na minti goma sha biyar a nan cikin shagon. Idan ya zubar da kashi 30 a wannan ɗan lokacin, ko awa ɗaya ba zai kai ba, ko me mai shago ya rantse.

Wajen sayen batirin canji, ka tafi da lambar da ke jikin tsohon, ka duba ranar da aka ƙera sabon in an rubuta, domin wanda ya shekara uku a kanta ya tsufa ko ba a taɓa sa shi ba. Ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti. Ka kuma tambaya kai tsaye ko sabo ne ko wanda aka buɗe aka canza wa ƙwayoyi.

Wani lokaci za ka ga lissafin ya rikice, tana kashi 40 sai ta faɗo 7 ko ta mutu. Yana iya zama ma'aunin ne ya ɓata lissafi. Ka cika ta 100, ka yi amfani da ita har ta kusa ƙarewa, ka sake cikawa ba tare da katsewa ba. Wannan gyaran ma'auni ne, ba ya ƙara wa batir ƙarfi, kuma sau ɗaya a wata biyu ko uku ya wadatar. Idan an yi haka ba ta daina ba, wata ƙwaya ce ta gaza.

Idan ya kumbura

Alamun kumburi su ne wurin da kake jan yatsa ya taso ko ya ƙi dannuwa, madannai sun yi tudu, murfi ya ƙi rufuwa daidai, ko ƙasan ya buɗe. Iskar gas ce ta taru a ciki saboda sinadaran sun lalace. Daga wannan lokacin ka daina caji, ka kashe, ka kai a cire shi. Kar ka danne shi, kar ka huda shi da allura wai iskar ta fita, kar ka sa shi a firji.

Wutar batirin litiyam ba abin wasa ba ce. A 2006 kamfanin Dell ya janye batira sama da miliyan 4 daga hannun masu saye saboda haɗarin kamawa da wuta, kuma na asali ne daga babban kamfani, ina ga na jabu. A gidajen haya irin namu da ɗakuna ke manne da juna, ga galan ɗin fetur na janareta a lungu, ga tukunyar gas, bai kamata a bar laftof tana caji a kan katifa a kulle ɗaki a fita ba. Idan ka ji wari mai kama da na sinadari, ko ka ga hayaƙi, ka kashe wuta daga soket, ka fitar da mutane, kada kowa ya shaƙi hayaƙin.

Mataccen batir kuma kada a jefa shi cikin shara, balle wadda ake ƙonawa. Ka bar shi wurin mai gyara. Wannan saƙon ya kamata ya isa ga 'yan uwanmu masu sana'ar jari bola, waɗanda irin waɗannan kaya ke faɗawa hannunsu kullum. Fasa batirin laftof da guduma don ciro ƙarfe, ko jibge shi cikin kura ƙarƙashin ƙarafa a rana, na iya tayar da wutar da ba a shirya mata ba. Masu ciro ƙwayoyin su haɗa fitila ko fawa bank su ma su sani, ƙwayar da ta lotsa ko ta yi tsatsa ba ta da aminci.

Wanda ya sayi laftof a wannan makon, ya fara da abu biyu tun yau: ya buɗe rahoton batirin ya rubuta lambobin a wani wuri don ya riƙa kwatantawa duk bayan 'yan watanni, sannan ya nemi saitin iyakar caji ya ga ko nasa yanayin wutar ya dace da shi. Wanda kuma ke da ƙani ko yaron shago da ke riƙe masa kwamfuta, ya karanta masa wannan, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya sa albarka a abin da aka saya.